Satar Waƙa Ta Waya: Wa Ake Bin Sawu, Wa Ake Kamawa?

Duk wanda ya ratsa ta wajen kasuwar Aswani a Isolo ran Talata, ko ya bi ta Zangon Agege da la'asar sakaliya, da wuya ya wuce bai ga wani saurayi zaune a ƙarƙashin laima ba, da ɗan teburinsa, da kwamfuta irin ta ɗauka a hannu, da igiyoyin cajin waya rututu. A gefe ga 'yar lasifika tana ta zuba waƙar Hausa don kiran masu ciniki. Mai gadi zai zo, mai shayi zai zo, haka ɗan ga-ruwa da mai tura baro, kowa ya miƙa wayarsa ko ya zaro memori ya faɗi abin da yake so. Wannan ya ce a cika masa da Shata, wancan ya ce Nura M. Inuwa, wani kuma Hamisu Breaker ko fim ko wa'azi. Kafin shayi ya huce an gama, a biya 'yan kuɗi kaɗan, kowa ya kama gabansa.

Masu wannan sana'a su ne ake kira 'yan dawunlodin, wasu kuma su ce masu turi. Tun da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a Ƙaramar Hukumar Oshodi-Isolo a watan Satumba na 1 ga wata a shekarar 2022, sana'o'in da ɗan Arewa zai kama a wannan yanki sun ƙara ƙaranci, saboda haka ba mai raina tebur da laima. Amma fa a idon doka, duk waƙar da ta fita daga kwamfutar nan ta shiga wayar wani ba da iznin mai ita ba, taɓa haƙƙin mallaka ne. A ƙasar Amurka an taɓa yanke wa wata mata biyan diyyar dala 222,000 a kan waƙoƙi 24 kacal, alhali kuwa ko ɗaya ba ta sayar ba, raba su kawai ta yi ta intanet daga cikin ɗakinta. To, yaya aka yi aka gano ta? Kuma shin abin da ya same ta yana iya samun mai tebur a Isolo?

ASALIN RIGIMAR

A shekarar 1999 wani ɗalibi a birnin Boston mai suna Shawn Fanning ya ƙirƙiro wata manhaja da ya kira Napster. Aikinta shi ne ta haɗa kwamfutocin jama'a, kowa ya ga waƙoƙin da ke cikin ta ɗan'uwansa, ya kwafi wadda ya ga dama kyauta. Cikin ɗan lokaci miliyoyin mutane suka yi ca a kanta. Kamfanonin faifai suka ga gobara ta kama gemunsu, suka garzaya kotu. A shekarar 2000 wata ƙungiyar makaɗa da ake kira Metallica ta shigar da tata ƙarar, har ta ɗauki hayar wani kamfani ya tattara mata sunayen masu amfani da manhajar fiye da 300,000 da aka ga waƙoƙinta a wurinsu, aka loda takardun cikin kwalaye aka kai ƙofar ofishin Napster. A watan Yuli na 2001 Napster ta rufe.

Rufewar ba ta kashe wutar ba. Wasu manhajoji irin su Kazaa da LimeWire suka fito, kuma su ba su da wata cibiya guda da za a kulle a ce magana ta ƙare. Daga nan ne ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da RIAA, ta yanke shawarar ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya har gidajensu. Ran 8 ga watan Satumba na 2003 ta kai mutum 261 ƙara a rana guda.

YADDA AKE BIN SAWU

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya natsu, domin dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kowace na'ura da ta hau intanet ana ba ta wata lamba da ake kira IP, watau kamar lambar gida a titi. In ba ta da wannan lamba, saƙo ba zai san inda zai sauka ba. Kamfanin da ke sayar wa mutum layin intanet shi ke ba da lambar, kuma yana da rajistar da ke nuna wa aka ba wace lamba, a wace rana, da ƙarfe nawa.

A irin waɗannan manhajoji na raba waƙa, kwamfuta da kwamfuta ne ke magana kai tsaye. Ke nan dole mai karɓa ya ga lambar mai bayarwa. Sai kamfanonin faifai suka ɗauki hayar masu bincike, mafi shahara a cikinsu shi ne wani kamfani mai suna MediaSentry. Ma'aikacinsu zai shiga manhajar kamar kowa, ya nemi wata waƙa, ya ga jerin waɗanda ke da ita, ya zaɓi wanda ya tara da yawa, ya kwafi 'yan kaɗan daga wurinsa don su zama shaida, ya ɗauki hoton jerin waƙoƙin da ke ɗakin ajiyarsa, sa'an nan ya rubuta lambarsa da rana da lokaci. Tamkar dai ɗan sandan ciki ne ya je ya sayi kayan sata da hannunsa ya riƙe rasit.

Har yanzu dai lamba ce a hannunsu, babu suna. Da farko sukan aika wa kamfanin layi sammaci kai tsaye ya faɗi mai lambar. Kamfanin Verizon ya ƙi, aka tafi shari'a, kuma a watan Disamba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce Verizon ne da gaskiya. Sai lauyoyin suka sake dabara: su shigar da ƙara a kan “wane” da ba a san sunansa ba, su roƙi alƙali ya umarci kamfanin layi ya buɗe rajista. A watan Janairu na 2004 kaɗai sun shigar da irin wannan ƙara a kan mutum 532. Da zarar suna ya fito, sai wasiƙar lauya ta iso gida da zaɓi biyu, ko a biya a kashe magana, galibi tsakanin dala 3,000 zuwa 5,000, ko a haɗu a kotu. Dokar Amurka kuwa ta ba mai haƙƙi damar neman daga dala 750 har zuwa 150,000 a kan kowace waƙa guda in an tabbatar da ganganci aka yi. Duk mai hankali da ya lissafa wannan, ya lissafa kuɗin lauya, sai ya biya ya huta. Haka mafi yawa suka yi, masu laifi da marasa laifi.

A manhajar BitTorrent da ta zo daga baya abin ya ma fi sauƙi ga masu farauta, domin duk wanda ke saukar da abu yana kuma raba gutsattsarinsa ga wasu a lokaci guda, kuma lambobin kowa a bayyane suke ga duk wanda ya shiga taron.

LAMBA BA MUTUM BA CE

Inda gizo ke saƙar shi ne, lambar gida takan nuna gida, ba ta nuna wanda ya zauna gaban kwamfuta. Cikin mutanen farko da aka kai ƙara a 2003 akwai wata yarinya 'yar shekara 12 a birnin New York, wadda uwarta ta biya dala 2,000 aka rabu. Akwai wata dattijuwa 'yar shekara 66 a Jihar Massachusetts da aka zarga da raba waƙoƙin samari, sai aka gano irin kwamfutarta ma ba ta ɗaukar manhajar Kazaa, aka janye ƙara. A 2005 kuma aka kai ƙarar wata tsohuwa 'yar shekara 83 wadda ta riga ta rasu. Jaridu suka samu abin rubutawa, kamfanonin kuwa suka sha kunya.

Matar da aka ambata da farko, uwar 'ya'ya huɗu ce a Jihar Minnesota, kuma ta ƙi biyan kuɗin sulhu, ta ce a je kotu. Abin da ya kayar da ita ya wuce lamba. Laƙabin da aka yi amfani da shi a Kazaa shi ne dai wanda ta saba amfani da shi a wasiƙunta na intanet da sauran harkokinta. A 2007 masu taimaka wa alƙali yanke shari'a suka ce ta biya dala 222,000. Aka sake shari'ar a 2009, kuɗin ya haura zuwa dala miliyan 1.92, watau dala 80,000 kowace waƙa. Alƙalin da kansa ya ga abin ya yi yawa ya rage zuwa 54,000. Aka sake zama na uku a 2010, aka ce miliyan 1.5. Daga ƙarshe a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 222,000, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar. Shekara shida ana abu ɗaya a kan waƙoƙin da ba su cika faifai biyu ba.

Kafin ma a kai ƙarshen wannan shari'a, a watan Disamba na 2008, RIAA ta ba da sanarwar ta daina kai ɗaiɗaikun mutane ƙara, bayan ta bi sawun kimanin mutum 35,000. Duk da wannan farauta, cinikin faifai a Amurka ya ragu da kusan rabi tsakanin 1999 da 2009. Faransa ta gwada wata hanyar a 2009 da hukumar Hadopi: wasiƙar gargaɗi ta farko, ta biyu, sa'an nan kotu. Ita ma a 2013 ta soke hukuncin yanke wa mutum layi. Abin da ya dawo wa kamfanonin da kuɗinsu daga baya shi ne manhajoji irin su Spotify, wadda ta soma a Suwidin a 2008, inda biyan ɗan abu a wata ya fi wahalar neman na sata sauƙi.

A NAN GIDA TUN ZAMANIN KASET

A Nijeriya satar fasaha ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarun 1970 kamfanoni irin su EMI da Decca da Polygram suna da ƙarfi a Ikko, kuma EMI ta buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da sauran manyan mawaƙan Arewa. Da kaset ya shigo, kowa da rikodarsa mai baki biyu ya zama kamfanin kansa. Ga kuma karyewar Naira a tsakiyar shekarun 1980. Kafin farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin nan na waje sun sayar da hannun jarinsu sun tattara nasu ya nasu. Polygram ta koma Premier, EMI ta koma Ivory.

Makaɗa da mawaƙa a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta PMAN sun yi ta kuka har da zanga-zanga, kuma a watan Disamba na 1988 Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 47 kan haƙƙin mallaka. A 1989 aka kafa majalisar da za ta kula da ita, wadda daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Wani abin lura, a cikin wannan wata na Disamban 1988 ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa ta. Masu cewa maganar haƙƙin mallaka al'adar Turawa ce kawai, sai su duba wannan.

Doka dai an kafa, amma kasuwa ta yi gaba abinta. A kudu, kasuwar Alaba da ke Ojo kan hanyar Badagry, maƙwabciyar Alaba Rago inda Hausawa ke cinikin dabbobi, ta zama uwar buga faya-fayan CD. Ƙarfinta ya kai ga mawaƙan Legas da kansu sukan ɗauki sabon aikinsu su kai wa dillalan Alaba, su karɓi kuɗi dunƙule sau ɗaya, domin sun san ko sun sayar ko ba su sayar ba, gobe faifan zai cika titi. A Arewa kuwa kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyar kwafar kaset, tun daga finafinan Indiya har waƙoƙi da wa'azi, kuma a kan wannan hanyar rarrabawa ce finafinan Hausa suka hau suka bazu har Nijar da Kamaru da Gana. Wani Baturen masani, Brian Larkin, ya yi bayanin haka a littafinsa da ya fito a 2008. Ke nan hanyar da ta yi renon sana'ar ita ce kuma ke tsotse ta.

Wayar salula ta shigo a 2001. Da aka samu wayoyi masu memori da Bluetooth, sai CD ma ya bi sahun kaset. Kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano suka cika da masu turi, haka kowace tashar mota daga Sakkwato zuwa Mile 12. Kasuwar faifan fim ɗin Hausa ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, dillalai da yawa suka sake sana'a.

ME YA SA BA A YI IRIN TA AMURKA?

Dalili na farko shi ne, cinikin mai tebur ba ya bi ta intanet sam. Igiya ce daga kwamfuta zuwa waya, ko memori, ko Bluetooth, ko Xender daga waya zuwa waya. Babu lamba, babu rajista, babu kamfanin layin da za a aika wa sammaci. Mutum guda ne ya sauke waƙar da datarsa, dubu suka samu daga hannunsa ba tare da barin sawu ba.

Na biyu, ko waɗanda ke hawa intanet ɗin, mafi yawansu ta wayar hannu suke hawa, kuma kamfanonin waya sukan haɗa ɗimbin masu layi a ƙarƙashin lamba guda ta waje, lambar kuma tana sauyawa. Mai farautar da ya kama irin wannan lamba kamar wanda aka ce wa ɓarawonsa yana Oshodi ne da tsakar rana.

Na uku shi ne lissafi. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, da lauya, da ɗage zama bayan ɗage zama. Wane mawaƙi ne zai kashe wannan kuɗi don ya kai mai gadi ƙara? In ya ci shari'ar, me zai karɓa, wayar ko tocilan? Shi ya sa hukuma ta fi karkata ga kai samame inda kaya suke a tare, kamar yadda ta sha yi a Alaba.

Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba, watau yadda Bahaushe ya ɗauki waƙa tun asali. Mawaƙin gargajiya ubangidansa ke biyansa, sarki ko attajiri, da riga da doki da mota, a fili gaban jama'a. Yaɗuwar waƙar kuwa riba ce ga mawaƙi da wanda aka wasa. Saboda haka mai saurare bai taɓa jin cewa shi ma ana binsa bashi ba. Har gobe wanda ba zai ɗauki goron wani ba da izni ba zai tura waƙa ga mutum hamsin ya kwana da zuciya fara.

Abin mamaki, lokacin da hukuma ta bi waƙoƙin cikin waya da gaske a Kano, ba don haƙƙin mai waƙa ta bi su ba. A 2009 wata kotun majistare da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta saurare da yaɗa waƙoƙi 11 da ke yawo a wayoyi, saboda abin da ke cikinsu, kuma a wannan shekarar aka tsare Aminu Ladan Abubakar, watau Alan Waƙa. Haramcin bai hana waƙoƙin zagawa ba, domin ba mai iya tsayawa tsakanin waya da waya.

AMMA ZAMANI YA JUYA

Wanda ya karanta zuwa nan ya ce to shi ke nan, ba mai kama kowa, ya yi gaggawa. Abubuwa biyu sun sauya.

Na ɗaya, cinikin yana barin tebur yana komawa intanet. Yau akwai shafuna barkatai na saukar da waƙoƙin Hausa, akwai zaurukan Telegram da WhatsApp, akwai masu buɗe tasha a YouTube ko shafi a Facebook da TikTok su ɗora aikin wani don su ci kuɗin talla. Wanda ya yi haka ya bar sawu fiye da matar Minnesota. Ya buɗe shafin da lambar waya, ya ba da asusun banki don a biya shi. Layin waya kuwa tun 2011 ake masa rajista da hoto da zanen yatsa, kuma daga watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Gwamnati ba da wasa take wannan ba. A 2015 ta ci tarar kamfanin MTN fiye da Naira tiriliyan ɗaya a kan layuka miliyan 5.1 marasa rajista, kafin daga baya a sasanta a kan Naira biliyan 330. Bature sai da ya sha wahalar mayar da lamba suna. A nan, lambar waya ta riga ta zo da suna da hoto.

Na biyu, doka ta sake. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988. Tsohuwar dokar tarar Naira 100 ta yanka a kan kowane kwafi ga mai sayar da kayan sata, kuɗin da a ƙarshe ko cajin waya biyu ba zai biya ba. Sabuwar ta yi tanadi musamman kan intanet. Mai haƙƙi yana iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafi ya sauke aikinsa. Wanda aka yi ta kawo ƙorafi a kansa za a gargaɗe shi, in ya ƙi ji a dakatar da asusunsa. Mai haƙƙi yana iya roƙon kotu ta umarci kamfanin ya bayyana ko wane ne mai laifin, watau dai dabarar nan ta ƙarar “wane” ta iso gida. Hukuma tana da ikon toshe shafi. Wanda kuma ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da izni ba, yana fuskantar tarar da ba ta gaza Naira miliyan ɗaya ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, ko duka biyun.

An kuma soma gani a ƙasa, ko da yake ta fannin fim aka fi jin ƙarar. A watan Janairu na 2024 'yan sanda a Legas sun kama wasu mutane bisa zargin yaɗa fim ɗin Malaika na Toyin Abraham ta intanet tun yana gidajen sinima. A 2025 kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, da haɗin gwiwar ƙungiyar da ke rajistar sunayen shafunan Nijeriya, ta sa aka dakatar da shafin MovieBox.ng. A duka biyun mai rabawa aka nufa. Mai kallo a ɗakinsa ba a taɓa shi ba, kuma wannan ya fi hankali a kan abin da Amurkawa suka ɓata shekara biyar suna yi.

Sai dai akwai abin tsoro ga ƙaramin mai sana'a. Mai babban shafi yana iya zama a wata ƙasa, in an toshe wannan suna ya buɗe wani kafin gari ya waye. Mai tebur a Isolo kuwa ga shi ga laimarsa, ga shaida cike da kwamfutarsa, ba ya bukatar wani bincike mai zurfi. Jami'an hukumar suna da ikon shiga wuri su ƙwace kaya su kama mutum kamar 'yan sanda. Ran da aka so nuna wa duniya ana aiki, kowa ya san wanda hannu zai fi saurin kaiwa gare shi, kuma kama shi ba zai sa ko kwabo a aljihun mawaƙi ba.

INA RABON MAI WAƘA?

Mawaƙan Hausa na zamani ba su zauna jiran kotu ba. Da yawa sun koma tafarkin kakanninsu: waƙar biki, waƙar sarauta, waƙar siyasa, inda mai bukata ke biya tun kafin a shiga sutudiyo. Wasu da kansu suke sakin waƙa ga masu turi, domin wanda aka fi ji a tasha shi ake kira wurin biki. A fannin fim ma wasu masu shiryawa a Kano sun koma sayar wa masu turi kai tsaye, tun da su ne kasuwar da ta rage.

Ɗaya hanyar ita ce YouTube da Audiomack da Boomplay, wadda ta soma a Nijeriya a 2015, da Spotify da ta shigo a 2021. A YouTube bin sawun ma na'ura ce ke yi. Tun 2007 suke da wani tsari da ke ɗaukar tambarin sautin kowace waƙa da aka yi wa rajista, ya riƙa gwada shi da duk abin da aka ɗora. In ya ci karo da irinta, mai haƙƙi ya zaɓa: a toshe, ko a bar ta kuɗin tallan ya riƙa zuwa masa. Ba lauya, ba sammaci. Finafinai masu dogon zango irin su Izzar So, da ya fara a 2020, sun nuna ana iya cin abinci ta wannan hanya.

To amma na'urar wanda ya yi rajista ta sani, ba lalle wanda ya rera ba. Wannan ya fi shafar tsofaffin mawaƙa. Bisa doka, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, na faifan da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa dukiyar magada ce har ƙarshen 2069. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, nasa sai 2085. Duk wanda ya buɗe YouTube ya rubuta sunan ɗaya daga cikinsu zai ga tashoshi iri-iri ɗauke da waƙoƙin, wasu an kwafo daga tsohon kaset har da ƙugin rikoda. Magajin da yake son haƙƙinsa dole ya fara da tattara takardu: shaidar gado, da yarjejeniyar da marigayin ya yi da kamfanin faifai in akwai, domin sau da yawa sautin da aka ɗauka mallakar kamfani ne ko da waƙar ta mawaƙi ce. Sa'an nan ya yi rajista da hukuma da ƙungiyar karɓar kuɗin mawaƙa, ya nemi dillalin da zai shigar masa da waƙoƙin cikin tsarin. Ofishin hukumar yana Abuja, tana kuma da rassa a Legas da Kano.